Kurma a layin asibiti: yadda rashin tafinta yake hana kurame samun magani a Kano

In aka ce za a gyara asibiti saboda masu buƙata ta musamman, abinda yake fara zuwa ran yawancinmu shine gangare a bakin ƙofa domin masu keken guragu, da banɗakin da keke zai iya shiga. Waɗannan suna da amfani sosai, kuma har yanzu asibitoci da yawa basu da su. Amma akwai mutumin da ko an yi gangare goma matsalarsa tana nan, da ƙafarsa yake shigowa, zai hau bene ya sauko, zai yanki kati ya zauna a benci kamar kowa, daga nan kuma komai ya tsaya masa cak saboda duk aikin asibiti da baki da kunne ake yinsa. Kurma kenan. Lamarinsa nake so mu duba, a Kano, kuma zan fi tsayawa akan mace kurma mai juna biyu don a kanta abin ya fi tsanani.

Kada wani ya ɗauka 'yan tsiraru ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 430 ne a duniya suke da matsalar ji mai tsanani wadda take buƙatar kulawa, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi suke. Mu a arewa muna da namu dalilan da suke ƙara yawansu, sanƙarau, ƙyanda, hangum, ciwon kunne mai zubar da ruwa da ake barin yaro da shi shekara da shekaru, zazzaɓin Lassa wanda yake barin wasu da suka warke da kurumta, ga kuma allurai irinsu jentamaisin da ake dankara wa yara barkatai a kemis ba tare da an auna ba. A 1996 an yi annobar sanƙarau mai muni a arewacin Najeriya, sama da mutum dubu 100 suka kamu, sama da dubu 11 suka rasu, kuma Kano tana cikin inda abin ya fi ƙamari. Hukumar lafiyar ta ce kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira daga irin wannan sanƙarau suna fita da wata lalura mai ɗorewa, rashin ji yana cikin manyansu. Toh yaran da suka kurumce a waccan shekarar yau sun kai talatin ko sun haura, magidanta ne da matan aure, su ne suke zuwa awo, su ne suke kawo nasu yaran rigakafi. Rashin kulawar lafiya ce ta kurumtar da da yawansu tun farko, yanzu sun dawo asibiti a matsayin manya kuma babu mai iya yi musu magana.

Doka kam akwai ta. Najeriya ta rattaba hannu a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya akan haƙƙin masu nakasa a 2007, ta tabbatar da ita a 2010. Sannan aka yi dokar hana nuna wa masu nakasa wariya ta 2018 wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019. Sashe na 21 ya ce gwamnati ta tabbatar sun samu kulawar lafiya ba tare da wariya ba. Sashe na 24 shine yake magana kai tsaye akan lamarinmu, ya ce duk asibitin gwamnati da yake duba mai matsalar sadarwa dole ya tanadi hanyar sadarwa ta musamman dominsa. Sashe na 26 ya ce a basu fifiko a layi. Wanda ya nuna wariya, in mutum ne tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, in kamfani ne ko hukuma naira miliyan ɗaya. An bada shekara biyar a gyara gine-gine da ababen hawa, wa'adin ya cika a Janairun 2024. A 2020 aka kafa hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa, kuma wanda ya fara riƙe ta James Lalu shi kansa kurma ne, a 2024 Ayuba Gufwan ya gaje shi. Tun kafin wannan ma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce ma'aikacin lafiya ya yi wa mara lafiya bayani da yaren da yake ganewa gwargwadon hali, kuma ya rufa masa asirin ciwonsa. Jihohi irinsu Filato da Legas sun riga tarayya yin nasu dokokin, Kano ma tana da tata. Kaga kenan a takarda babu abinda ya rage, saura mu bi mara lafiyar mu ga me take tararwa.

Ranar awo ce, ta yi sammako ta miƙa katinta a tebur an haɗa da na sauran mata, ta samu guri ta zauna. Abu na farko da ake yi a yawancin asibitocinmu kafin a fara awo shine nas ta tsaya a gaban mata ta yi musu bayani, me ya kamata mai ciki ta ci, amfanin gidan sauro, maganin ƙarin jini, da alamomin haɗari wato zubar jini, kumburin ƙafa da fuska, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, ɗa ya daina motsi, fashewar faya kafin lokaci. Wannan bayanin shine rabin amfanin awo wallahi, don shi yake sa mace ta san lokacin da zata ce a kai ni asibiti yanzun nan. Ita kuwa tana zaune tana kallon bakin nas yana motsi, mata suna dariya tana murmushi don kar ta zama daban, aka tashi bata ɗau komai ba. Sai a fara kiran suna. A kira ta sau ɗaya sau biyu sau uku, shiru, a ajiye katin a gefe a ce bata nan, ita kuma tana nan a bencin tana ganin waɗanda suka zo bayanta suna shiga suna fita, in Allah ya sa ta kusa da ita ta lura ta taɓa ta toh, in ba haka ba sai azahar ta yi ma'aikata sun fara haɗa kaya sannan a gano ta. Fifikon layin da doka ta bata bai ma taso ba, nata layin na asali ma ya wuce ta.

In ta shiga ɗakin likita ko unguwarzoma nan ne babbar matsalar take. Duk wanda ya karanci aikin lafiya ya san yawancin gano ciwo daga tambaya yake fitowa, tun yaushe ya fara, ina ne yake miki ciwo, yana suka ne ko yana murɗawa, yaushe kika ga al'adarki ta ƙarshe, haihuwa nawa, ɓari nawa, an taɓa yi miki aiki, akwai maganin da jikinki baya so. In babu wannan likita lalube yake yi a duhu. Kuma ni bana ɗora wa ma'aikacin laifi gaba ɗaya, mutum ɗaya ne ga mata cike da baranda suna jiransa, ba a koya masa ko alama ɗaya ta hannu a makaranta ba, abinda zai iya shine ya nuna ciki ya ɗaga gira, ita kuma ta gyaɗa kai. Gyaɗa kan nan yana da haɗari sosai, saboda kurame da yawa sun saba gyaɗa wa masu ji kai don a wuce gurin, gajiya ce da kunya, ba wai sun gane ba. Wani ma'aikacin kuma sai ya ɗaga murya yana ihu a kunnenta, abinda ba zai sa ta ji ba sai dai ya sa duk na waje su ji sirrinta. Lokacin korona abin ya ƙara lalacewa, takunkumi ya rufe baki, ɗan karatun leɓen da wasu suke dogara da shi ya tafi, kuma har yau ma'aikata da yawa da takunkumin suke aiki.

Daga nan sai gurin karɓar magani. A miƙo mata leda uku a ce wannan biyu da safe biyu da dare bayan cin abinci, wannan ɗaya kullum, wannan kuma ba sha ake ba matsawa ake. Duk da baki. A jikin ledar an rubuta 2x2 ko an ja layi-layi da biro. Mace mai hawan jini a ciki in ta rikita maganinta ko ta daina sha don bata san na meye ba, ƙarshenta jijjiga, kuma kowa ya san jijjiga da zubar jini suna cikin manyan abubuwan da suke kashe mata a wajen haihuwa a ƙasar nan.

Ranar naƙuda kuwa abin tausayi ne. Ɗakin haihuwa guri ne na umarni, yi nishi, tsaya kar ki yi, juya ta hagu, ja numfashi. Unguwarzoma tana can wajen ƙafafu, kanta a sunkuye, bakinta a rufe, mai naƙuda bata ganin fuskarta balle ta gane me ake so. In bata bi umarni ba sai a ɗauka taurin kai ne, daga nan faɗa, wani lokacin har da duka a cinya, alhali baiwar Allah bata san an yi magana ba. A mafi yawan ɗakunan haihuwa na gwamnati ba a barin 'yan uwa su shiga, kenan mutum ɗaya tilo da yake gane hannunta an bar shi a waje. In abu ya rikice aka ce sai tiyata, miji ko wani namiji a dangi ya sa hannu a takarda, a tura ta ɗakin aiki tana ganin fitilu da mutane masu rufaffen fuska ba wanda ya gaya mata za a yanka cikinta. Ka ɗan sa kanka a wannan halin na minti ɗaya.

Mutane zasu ce ai sai ta zo da ɗan uwanta ya yi mata tafinta, kuma haka ake yi ɗin, shine ma abinda ya rufe matsalar har hukumomi basa ganinta. Amma waye ɗan uwan? Sau da yawa uwar miji ce, ko kishiya, ko ƙanwar miji, ko ɗanta ɗan shekara goma da aka hana zuwa makaranta ranar. A al'adarmu da kunya ta yi yawa, ta yaya mace zata bayyana ƙaiƙayin gaba ko ciwon sanyi ko matsalar kwanciya ta bakin ɗan cikinta, ko ta gaban surukarta? Shiru zata yi ta ce ciwon kai ne. In sakamakon gwajin ƙanjamau ne ko ciwon hanta, wanda ya rako ta shi zai fara ji kafin ita, kuma shi zai zaɓi abinda zai gaya mata da wanda zai ɓoye, kafin ta koma gida labari ya riga ta isa. In dukanta ake yi a gida ko wani ya yi mata fyaɗe, zai iya yiwuwa wanda ya yi ɗin ko mai kare shi shine tsaye a gefenta yana fassara. Maganar tazarar haihuwa ma haka, dangi zasu iya yanke shawara a sa mata roba a hannu ko a yi mata allura ita bata san me aka yi mata ba. Sannan ko da ɗan uwan mai amana ne, alamun gida da suka saba da su na ci da sha da zo da tafi ne, basu kai su fassara hawan jini ko rashin jituwar jinin uwa da na ɗa ba, sai likita ya yi bayanin minti biyar ɗan rakiya ya taƙaita shi da alama biyu, sha magani, zaki warke.

Wasu kuma su ce a rubuta mata mana. Rubutu yana yi wa wanda ya kurumce da girmansa bayan ya yi makaranta. Wadda aka haifa kurma ko ta kurumce tana 'yar shekara biyu bata koyi Hausa da kunnenta ba balle Turanci, kuma 'yan mata kurame da yawa musamman na ƙauye ba a taɓa sa su a makaranta ba.

Toh a nan ne lamarin Kano yake da wani ƙulli da masu tsara manufofi daga Abuja basu cika lura da shi ba. In an ce a ɗauki tafintan kurame, wane yaren zai yi? Don a Kano yaren hannu iri biyu ne. Akwai na makaranta, wanda asalinsa na Amurka ne, Andrew Foster wani baƙar fata kurma ɗan mishan daga Amurka shi ya kawo shi, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, daga nan ya bazu a makarantun ƙasar ya gauraya da alamun gida, shine wanda kake gani ana yi a gefen talabijin lokacin labarai, shi ake koyarwa a makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki da aka buɗe a Kano a 1977, kuma shi ɗaliban sashen ilimi na musamman suke koya a jami'o'i irinsu Bayero da Jos da kwalejin ilimi ta musamman dake Oyo. Sannan akwai maganar hannu, wato yaren kuramen ƙasar Hausa na asali, wanda ya daɗe tun kafin zuwan makarantun boko, kurame suke koyonsa daga junansu a majalisa da kasuwa da gurin sana'a. Cikakken yare ne mai ƙa'idojinsa, wata Bajamushiya masaniyar harshe Constanze Schmaling ta zauna a Kano a shekarun 1990 ta yi bincike mai zurfi a kansa. Wanda bai je makarantar kurame ba wannan shine yarensa, kuma su ne talakawa, su ne mutanen karkara, su ne dattawa, su ne mafi yawan matan da muke magana a kansu.

Kenan zaka iya ɗauko matashi mai digiri wanda ya ƙware a yaren makaranta ka ajiye shi a asibiti, a rubuta a rahoto cewa an cika sashe na 24, mace ta zo daga Ɗambatta ko Sumaila ya yi ta harhaɗa haruffan Turanci da yatsu ita tana kallonsa bata gane komai ba. A ganina wannan shine dalilin da ya sa gyaran ba zai yiwu ba sai da kuramen kansu a cikin ma'aikata. Akwai matasa kurame maza da mata da suka gama Tudun Maliki, wasu har da NCE da digiri, sun iya yaren makaranta, sun iya maganar hannu don da ita suka tashi, sun iya rubutu, kuma da yawansu suna zaune ba aikin yi. Irin waɗannan in aka basu horo na 'yan watanni akan kalmomin lafiya da riƙon sirri, su ne gadar. Mara lafiya ta yi maganar hannu da 'yar uwarta kurma, ita kuma ta isar wa likita a rubuce ko ta hannun tafinta mai ji. A ƙasashen da suka yi nisa a harkar ana yin haka, tafinta kurma da tafinta mai ji su yi aiki tare. Kuma dokar 2018 ɗin nan ta ce hukumomin gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki ga masu nakasa, kaga ko ta nan ma an samu ƙofar ɗaukarsu. Dole kuma a samu mata a ciki, don ɗakin awo da ɗakin haihuwa ba inda za a sa namiji ya tsaya yana fassara bane, matan ba zasu yarda ba mazansu ma ba zasu yarda ba.

Na san ba kowane asibitin sha-ka-tafi ne zai samu tafinta ba, ƙananan hukumomi 44 ne a Kano, wasu asibitocin ma ma'aikaci ɗaya ko biyu ne a ciki. Amma manyan asibitocin cikin birni da na shiyya zasu iya, ko da a ware rana ɗaya a sati ne a sanar da kurame cewa ranar akwai mai jin yarensu a gurin awo. Ƙananan kuma waya ta sauƙaƙa, kurame masu ilimi sun riga kowa rungumar kiran bidiyo na WhatsApp don da shi suke hira, in akwai tafinta biyu ko uku da gwamnati take biya suna jiran kira, ma'aikacin ƙauye zai iya jingine waya a tebur a yi magana, in dai akwai sabis da caji. Sauran abubuwan ma basa cin kuɗi. A sa wata alama a jikin kati da ke nuna mai shi baya ji don in an zo kansa a je a taɓa shi maimakon kira. A riƙa bada lamba a takarda ana ɗagawa sama. Ma'aikaci ya fuskanci mara lafiya a inda akwai haske ya sauke takunkumi in ba haɗari, ya yi magana da ita ba da ɗan rakiya ba. A zana rana da wata a ledar magani, a ɗiga adadin ƙwayoyi a ƙasa, sannan a sa ta nuna da hannunta yadda zata sha don a tabbatar ta gane. Alamomin haɗarin ciki a yi su a hoto babba a bango. Kafin naƙuda, tun a awo, unguwarzoma ta zauna da ita su yarda akan alamu huɗu ko biyar, wannan nishi, wannan tsaya, wannan juya, kuma a bar mace ɗaya da ta zaɓa da kanta ta shiga da ita. Makarantun koyon aikin jinya da unguwarzoma da na kiwon lafiya su sa darasin alamun hannu ko na zango ɗaya ne. Mu Hausawa ma muna da sa'a a nan, mai shayi da mahauci da ɗan kasuwa da yawa suna iya ciniki da kurma da hannu ba tare da sun je wata makaranta ba, ba baƙon abu bane a gurinmu, asibiti ne kawai aka bar shi a baya.

Akwai kuma abinda yake faruwa tun kafin a zo asibitin. Duk wayar da kan da ake yi akan lafiya a arewa ta rediyo ne, sai lasifikar masallaci, sai mai shela, sai mota mai amsa-kuwwa tana zagaya unguwa. Rigakafin shan inna, ɓarkewar amai da gudawa, mashaƙo, rabon gidan sauro, duk ta kunne suke shiga. Gidan da miji da mata duk kurame ne, kuma akwai su da yawa don suna auren junansu, sai dai su ga mutane sun yi layi su bi. Kuramen Kano ba a warwatse suke ba, suna da majalisunsu da suke haɗuwa, suna da ƙungiyoyi ƙarƙashin ƙungiyar kurame ta ƙasa, akwai ta mata kurame, ga sarautar Sarkin Bebaye ta gargajiya kamar yadda makafi suke da nasu sarkin. Jami'in wayar da kai na ƙaramar hukuma in ya je ya zauna da waɗannan shugabannin sau ɗaya kafin kowane gangami, saƙon zai zaga cikinsu da sauri fiye da yadda ake zato, a ɗauki gajeren bidiyo da maganar hannu a tura a waya.

Maganar kuɗi ita ce ta ƙarshe kuma ita ce take kashe irin waɗannan shirye-shiryen. Abinda aka saba gani shine wata ƙungiya mai tallafi daga waje ta kawo tafinta na shekara ɗaya ko biyu, tallafi ya ƙare tafinta ya tafi, ko kuma ɗan sa-kai ya yi ta zuwa kyauta har ya gaji. Wani lokacin kurman ne da kansa zai biya kuɗin motar tafinta da ɗan abin hasafi akan kuɗin kati da na magani, wato yana biyan kuɗi kafin a saurare shi, abinda mai ji yake samu kyauta. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa masu nakasa cikin rukunin masu rauni da ya kamata a biya musu, ga asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar 2014 ta ware wa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, amma waɗannan magani da gwaji suke biya, albashin tafinta sai an rubuta shi da sunansa a kasafin ma'aikatar lafiya da hukumar kula da asibitoci ta jiha, a bashi gurbi da matakin albashi kamar nas da mai gwajin jini. Kuma ranar da za a zauna tantance waɗanda za a ɗauka, a sa kurame mata waɗanda basu yi boko ba a cikin masu tantancewar, duk wanda suka kasa gane hannunsa kar a ɗauke shi.